Sanƙarau gado ne? Amsa ga wata uwa daga Daura

Tambayar a taƙaice: wata baiwar Allah ce daga Daura, yaranta biyu maza ɗaki ɗaya suke kwana, katifa ɗaya ma, da bazarar bara sanƙarau ya kama babban mai shekara 11, Allah ya tashi kafaɗunshi amma kunne ɗaya ya daina ji, ƙaramin kuwa ko ciwon kai bai yi ba. Ita da maigidan auren zumunci ne, ɗan wa da ɗiyar ƙane, kuma akwai ƙanen maigidan da sanƙarau ya yi ajalinshi tun 1996. Yanzu ƙananan maganganu sun yi yawa cikin dangi wai abun a jini yake. Shi ne take tambaya gado ne? In gado ne ya za ta yi da sauran yaran?

Hajiya sannu da jinya, Allah ya ƙara ma yaro lafiya, ya jiƙan ƙanen maigida. Ita cutar kanta ba a gadonta, ƙwayar bakteriya ce ke shigowa daga waje ta hanci da maƙogwaro. Amma maganar dangin ba duka ba ce shirme, kuma ni ba zan share ta don kawai in kwantar maki da hankali ba. Abun da ake gado shi ne yadda jikin mutum ke tarbar ƙwayar in ta zo. A mafi yawan mutane wannan bambancin ƙarami ne, a wasu tsiraru kuma babba ne ƙwarai, aikinmu shi ne mu gane ko gidanki na cikin tsirarun nan.

Ƙwayoyi uku ne ke yi mana wannan ɓarnar bayan yaro ya wuce jarinta: meningokokus mai kawo annoba lokacin hunturu zuwa bazara, da niyumokokus wanda shi ne kuma ke kawo nimoniya da ciwon kunne, sai Hib da allurar Penta ta rage sosai. Abun da mutane ba su sani ba, meningokokus yana zaune a maƙogwaron mutane da yawa lafiya lau, kamar mutum ɗaya cikin goma ko cikin ashirin, lokacin annoba har ya fi haka, suna cin abinci suna zuwa kasuwa ba su san yana nan ba. Ta yiwu ƙwarai ƙaramin naki shi ma ya ɗauka a maƙogwaro cikin wancan satin, jikinshi ya tare ta a nan ba ta samu ta shiga jini ba. A babban kuma ta ratsa ta shiga jini ta kai tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Toh me ya sa wannan ba wancan ba? Wani lokacin mura ce ta riga ta ƙuje mashi maƙogwaro, ko ƙurar hunturu, ko hayaƙin murhu, ko ƙaramin ya taɓa haɗuwa da wata 'yar uwar ƙwayar marar illa jikinshi ya koyi faɗa da ita, ko kuma shi an yi mashi rigakafin da babban bai samu ba. Wani lokacin kuma ƙwayoyin gado ne.

Masu bincike sun daɗe suna ƙoƙarin raba abun da gida ɗaya ke jawowa da abun da jini ɗaya ke jawowa, don 'yan uwa ai duka biyun suke tarayya a kai. A Denmak a 1988 an bi diddigin yaran da aka ba riƙo tun suna ƙanana, aka ga in uwa ko uban da suka haifi mutum sun mutu da cuta mai yaɗuwa kafin shekara 50, haɗarin shi ma ya mutu da irin wannan ya kusa ninki shida, alhali mutuwar iyayen riƙo ba ta nuna haka ba. Wannan kan cututtuka masu yaɗuwa ne gaba ɗaya. A kan meningokokus kanshi, wani bincike a Ingila a 2003 ya duba 'yan uwan yaran da suka kamu, ya ƙiyasta kamar kashi ɗaya bisa uku na ƙarin haɗarin da ke kansu daga gado yake. Kin ga saura kashi biyu bisa uku kenan na ɗaki ɗaya da numfashi ɗaya.

Yanzu bari in zo kan waɗanda abun ya yi masu nauyi, don nan ne tambayarki ta fi shafa. Cikin jininmu akwai wasu furotin da ake kira kwamfilimen, an sa masu lamba C1 har C9. Na ƙarshen, C5 zuwa C9, haɗuwa suke yi su huda jikin bakteriya ta fashe, kuma meningokokus na cikin ƙwayoyin da jiki ya fi dogara da wannan hudawar wajen kashe su. Wanda aka haifa ba shi da ɗaya daga cikinsu, lafiyarshi ƙalau a komai, bai cika yawan ciwo ba, ba ka gane shi a fuska, amma haɗarin sanƙarau a kanshi ya ninka na sauran mutane sau dubu ko fiye. Mun ƙara tabbatar da haka ta wata hanya daban, akwai wani magani mai tsada da ake kira eculizumab da ake ba masu wata cutar jini da ta ƙoda, aikinshi toshe C5, waɗanda ke shan shi haɗarinsu na ninkawa sau 1,000 zuwa 2,000, shi ya sa ba a fara ba mutum sai an yi mashi rigakafin sanƙarau. Babbar alamar masu wannan rashin ita ce maimaici, sanƙarau ya kama mutum ya warke, bayan shekara biyu ko biyar ya sake dawowa, wani har sau uku. Kuma abun mamaki ciwon nasu bai cika kisa kamar na sauran mutane ba, ana ganin don ƙwayar ba ta fashewa lokaci ɗaya ta watsa dafinta cikin jini ne. A Japan rashin C9 ya kai kamar mutum 1 cikin 1,000, a yankin Kef na Afirka ta Kudu kuma rashin C6 ne aka yi ta samu a gidajen da sanƙarau ke yawan komawa.

Wannan rashin sai yaro ya ɗauko daga uwa ya ɗauko daga uba kafin ya bayyana, daidai yadda kika san AS da AS ke haifar SS, kowane ciki ɗaya bisa huɗu. Anan ne auren zumunci ya shigo. Ɗan wa da ɗiyar ƙane suna tarayya a kamar ɗaya bisa takwas na ƙwayoyin gadonsu, toh in kakanku yana ɗauke da wani ɓoyayyen abu, yiwuwar ku biyun ku ɗauko shi ta fi ta bare da bare. Ban faɗi haka don wani ya samu abun gori ba, mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu lau, kuma in ma akwai abun toh daga ɓangare biyu ya fito, ba wanda zai nuna ma wani yatsa, ku jini ɗaya ne ai. Na faɗa ne don in kin je gaban likita ki ambata, kar ki bari sai an tambaye ki.

Akwai wani kuma daban, rashin wani furotin mai taimaka ma kwamfilimen da ake kira furofadin, shi ta wajen uwa yake bi kuma maza yake kamawa, mata su ɗauka su miƙa ba tare da ya taɓa su ba. Shi kam ciwonshi da zafi yake zuwa, yaro da safe yana wasa da daddare an rasa shi. Gidan da ake zargin wannan za ki ji kawunnai na wajen uwa, ko 'ya'yan 'yan uwanta mata, maza biyu ko uku sun tafi ta hanya ɗaya a shekaru daban daban. A labarinki wanda ya rasu ƙanen miji ne, ta wajen uba, wannan layin bai bi ta nan ba. Kuma maganar gaskiya ban ba mutuwarshi nauyi sosai ba a lissafin gado, saboda shekarar. A 1996 sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe sama da 11,000, kusan duka a arewa, duk wanda ya yi wayo lokacin a Katsina ko Kano ko Daura ya san gidan da aka yi zaman makoki. Haka shekarun yaron naki, 5 zuwa 14 su ne annoba ta fi ɗiba a yankinmu. Mutum biyu a dangi, kowa sau ɗaya, shekaru masu yawa tsakani, kuma ɗaya lokacin babbar annoba, wannan bai isa a ce gado ba. Da cewa kika yi yaron karo na biyu kenan, da maganata ta canza.

Gadon da ya fi damuna a nan ƙasar ma ba kwamfilimen ba ne, sikila ce. A Najeriya ana haifar jarirai kamar 150,000 duk shekara da ita, kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Saifa ita ke tace ƙwayoyin da ke da kwanso a jikinsu irin niyumokokus da Hib daga cikin jini, yaro mai SS kuma saifarshi tun cikin shekarar farko take fara lalacewa saboda toshewar ƙananan jijiyoyi, kafin ya kai biyar yawanci ta daina aiki ko da tana nan. Da aka tattara binciken da aka yi a ƙasashen Afirka a 2010, an ga alaƙar sikila da mummunar cutar niyumokokus ta kai ninki 36, ta Hib ninki 13. Kuma maganin abun ba tsada, tun 1986 gwaji a Amurka ya nuna penisilin na sha kullum ya rage wannan cutar da kashi 84 cikin ɗari a yara masu sikila. Abun na ci mani rai wallahi, sai a kawo yaro ɗan shekara biyu wuya ya sanƙare, a wajen jinyar ne za a fara gano SS ne, alhali hannu da ƙafa sun sha kumbura a gida ana cewa amosani ne ko sanyi. In ba ki san jinotaif ɗin yaranki ba, wannan shi ne gwaji na farko, akwai shi a manyan asibitocin Daura da Katsina. AS kuwa ba a san shi da wannan ƙarin haɗarin ba, kar hankalinki ya tashi in shi ya fito.

Sauran mu da ba mu da sikila ba mu da rashin kwamfilimen fa? Mu ma akwai bambanci amma ƙanana ne. Wanda aka fi tabbatarwa shi ne na wani furotin da ake kira fakta H. Aikinshi ya manne a jikin ƙwayoyin jikinmu don kwamfilimen ya gane na gida ne kar ya huda su, kamar yadda ake shafa ma rago fenti ko lalle gab da layya don a san na gidan wane ne. Meningokokus sai ya koyi wayo, yana da wani ƙugiya a jikinshi da yake kamo fakta H ɗinmu ya shafa ma kanshi, sai ya wuce a matsayin na gida. Na ɗan adam kaɗai yake iya kamawa da kyau, yana cikin dalilan da ya sa cutar ta mutane ce, ba daga akuya ko kaza take zuwa ba. A 2010 wani babban bincike da ya fara da yaran Ingila aka sake gwadawa a wasu ƙasashen Turai har da Sifen ya gano bambancin da ke cikin ƙwayoyin gadon fakta H da maƙwabcinshi na canza haɗarin kamuwa. Amma canjin bai kai rabi ba ma, ba irin na ninki dubu ba ne, kuma ba a gwada shi a asibiti don ba abun da sakamakon zai sa a yi maki daban.

Sai ɗaya ɓangaren, me ya sa wani ya tashi garau, wani ya kurumce, wani ya tafi. Alƙaluman hukumar lafiya ta duniya sun ce cikin mutum shida da suka kamu da sanƙarau na bakteriya ɗaya na mutuwa, cikin biyar ɗaya na tashi da babbar illa, kurumta ko farfaɗiya ko raunin gaɓa ko wahalar karatu. Yawancin ɓarnar ba ƙwayar kaɗai ke yin ta ba, martanin jikin ne in ya wuce gona da iri, kumburi ya matse ƙwaƙwalwa, ya shiga can cikin kunne ya lalata gashin ji wanda ba ya sake tsirowa, jini ya dinga daskarewa a ƙananan jijiyoyi. Ƙarfin wannan martanin akwai gado a ciki. Misali wani furotin PAI-1 mai hana narkewar gudan jini, an samu yaran da suka gaji nau'in da ke sa a yi shi da yawa sun fi shiga mummunan hali in ƙwayar ta mamaye jini. Akwai kuma kishiyar haka, wasu likitoci a Faransa a 2003 sun gano yaran da ba su da wani furotin mai suna IRAK4, su jikinsu ba ya ma yin ƙara, niyumokokus na cin yaro amma zazzaɓin kaɗan ne, gwajin jini bai nuna tashin hankali ba, sai an makara. Waɗannan ba su da yawa sam. Kuma in faɗa maki ra'ayina, an buga takardu barkatai kan ƙwayar gado kaza da kaza wai tana ƙara tsanani, da aka sake gwadawa da mutane masu yawa da dama ba su tsaya ba, don haka duk wanda ya ce maki zai duba jinin yaro ya faɗa maki ko zai kurumce, riƙe kuɗinki.

Abu ɗaya da ya kamata ki sani kan kunne. Akwai wani canji da ake gado ta wajen uwa kaɗai, a Ingila kamar mutum 1 cikin 500, mai shi in aka yi mashi allurar jentamaisin ko danginta zai iya kurumcewa ko da an ba shi daidai ƙima. Jentamaisin magani ne mai ceton jarirai, ba cewa na yi a ƙi shi ba, amma in a dangin mahaifiyarki akwai waɗanda suka daina ji bayan allurai, ki faɗa ma likita ya zaɓi wani. Na ɗanki dai mafi kusa ciwon ne da kanshi ya taɓa kunnen.

Kar mu manta ita ma ƙwayar tana da nata gadon, kuma yana canzawa. Bincike a Holan a 2019 ya nuna kamar kashi 70 cikin ɗari na iya kutsawar niyumokokus cikin jiki daga nata ƙwayoyin gadon yake, amma tsananin ciwon bayan ta shiga bai danganta da su ba. Mu nan mun gani da idonmu. Nau'in A na meningokokus ne ya addabe mu shekara da shekaru, allurar MenAfriVac da aka fara a 2010, ta iso Najeriya 2011, ta kusa share shi. Sai ga wani sabon nau'in C ya ɓullo wajen Sakkwato da Kebbi a 2013, da aka karanta ƙwayoyin gadonshi aka ga asalinshi wata ƙwaya ce marar kwanso da ke zaman lafiya a maƙogwaro, ta tsinci ƙwayoyin gadon kwanso daga wata ta zama abun da ta zama. Shi ne ya yi annobar da ta fara daga Zamfara ƙarshen 2016 zuwa 2017, mutum sama da 14,000, mutuwa sama da 1,100, jihar Katsina na cikin waɗanda suka fi shan wahala. Jinin mutanenmu bai canza ba tsakanin 2012 da 2017, ƙwayar ce ta canza. Haka nau'in W ya bazu bayan aikin Hajji na 2000, shi ya sa har yau ba maniyyacin da ke tafiya sai da katin allurar sanƙarau mai kare har da nau'in W.

Kusan duk binciken gadon da na lissafa maki kan Turawa aka yi, alhali nan ne cutar ta fi yawa, daga Senegal har Habasha, kuma 'yan Afirka sun fi kowa bambancin ƙwayoyin gado a duniya. Shi ya sa nake taka-tsantsan da ɗauko sakamakon can in ɗora ma yaron Daura. Ko a magani an ga haka, maganin rage kumburi dekzametazon ya rage mutuwa da illa a gwajin Turai na 2002, a Malawi aka gwada kan yara a 2002 da manya a 2007 bai yi ba, kuma dalilin da aka fi dangantawa da shi ba jini ba ne, makara ne wajen zuwa asibiti da yawan masu ƙanjamau cikin majinyatan. Nan kusa da mu ma, Madarumfa ta jihar Maraɗi bayan Jibiya, a annobar 2017 an gwada raba maganin kashe bakteriya sifro ƙwaya ɗaya ga duk ƙauyen da aka samu mai ciwo, kamuwa ta ragu da fiye da rabi, ba tare da an tambayi jinin kowa ba.

Toh abun yi. Ki duba jinotaif ɗin yaran duka. Ki fito da katin rigakafinsu ki tabbatar ƙananan sun samu Penta da ta niyumokokus a sati 6, 10 da 14 da ta sanƙarau a wata 9, kuma duk sanda aka zo da sabuwar allurar nan mai kare nau'i biyar, A, C, W, Y da X, wadda Najeriya ce ta fara amfani da ita a duniya a 2024, ki kai su har da wanda ya yi ciwon, don kamuwa da nau'i ɗaya ba ya kare shi daga sauran. Gwajin kwamfilimen ana ce mashi CH50, ba a kowane lab ake samun shi ba, ta hannun likitan yara a asibitin koyarwa ake nema, kuma ni a halinki ba zan ce dole ba sai in ciwon ya sake dawo ma yaron, ko wani ɗanki ya kamu a wani lokaci daban ba cikin annoba ba. In ma ya maimaita kar a tsaya kan gado kawai, a tambaya ko ya taɓa faɗuwa daga babur ko bishiya ya bugu a kai, ko ruwa fari tas na ɗiga daga hanci ɗaya, ko kunne na yawan zubar da mugunya, don tsagewar ƙashin kai na cikin manyan dalilan sanƙarau mai komowa kuma ana gyara shi da tiyata. Yaron kuma a kai shi gwajin ji a sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a auna duka biyun ba wanda ya mutu kaɗai ba, a gaya ma malaminshi na boko da na allo su zaunar da shi gaba ta ɓangaren da kunnen mai ji zai fuskanci malam. In wani cikinsu ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai, ko wuya ya ƙi lanƙwasa, ko yana gudun haske, ko wasu ɗigo ɗigo jajaye ko baƙaƙe suka fito a fata, ko jariri maɗigarshi ta kumbura ya ƙi nono, a wuce asibiti a daren ba a tsaya kemis ba, cutar na iya kisa cikin awa 24, kuma in likita ya ce zai ɗebi ruwan baya a bar shi ya ɗiba, da shi ake sanin wace ƙwaya ce da kuma ko sauran 'yan ɗakin na buƙatar maganin kariya.